Ƙarar tayar gaba: boris ne ko birki?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kai saƙo a babur nan Jidda. Kafin ka kai wa bakanike riyal ɗinka, ka fara gano daga ina ƙarar take.

Ɗaga mashin tayar gaba ta bar ƙasa, ka juya ta da hannu. In ka ji "shaa, shaa" tana zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, galibi faifan birki ne ya ɗan lanƙwashe. In kuwa gurnani ne mara yankewa kamar ana niƙa tsakuwa, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga ta gefe da gefe. Ko yaya ta yi lilo, boris ɗin da ke tsakiyar taya ya tafi, a canza duka biyun, na hagu da na dama. Ni nawa haka ya mutu, saboda wankin da ake yi da ruwa mai ƙarfi yana tura ruwa da yashi ciki ya wanke giris. Don Allah ku hana yaran wanki saita bututun a tsakiyar taya.

Ƙarar da ba ta fitowa sai ka matse birki kuma, leƙa fatar birkin, wato abin da ke kama faifan, da fitilar waya. In kaurinta bai kai milimita 2 ba, canza ta. In da sauranta, ƙura ce, ko tsatsar da laimar bakin teku ke sa wa faifan cikin dare. Wannan kan tafi bayan ka matse birki kaɗan da safe.

Kada ka kuskura ka zuba mai a faifan don ƙara ta ɗauke, birkin ne zai daina kamawa.