Shawara ga masu ratsa tsaunuka da babur bayan hunturu

Masu shirin ratsa tsaunukan Alps na Turai da babur a watan Mayu, ku tabbatar hanya a buɗe take kafin ku tashi, domin mashigai irin Stelvio na Italiya, mai tsayin mita 2,757, galibi sai ƙarshen watan ake buɗe su. Sanyi kuma yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau.

Abin da ya fi haɗari, a ganina, shi ne dusar ƙanƙara da ke narkewa da rana, ruwanta ya kwarara kan titi, ya daskare da dare, ya kwanta a kwanar da inuwa ta rufe. Ku jira sai hantsi ya ɗaga, ku kuma taka birki tun kafin kwana, ba a cikinta ba.