Mataki na 6 ko na 7? Yadda nake zaɓar wa 'yata matakin gasar jimnastik

A ƙarshen watan Afrilu, bayan an tashi daga gasar jiha, kocin 'yata ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ina riƙe da makullin mota. Ta ce makin yarinyar ya isa ta bar mataki na 5, saboda haka mu je gida mu yi shawara: ta hau na 6, ko ta tsallake zuwa na 7, ko ta sake shekara a inda take. A lokacin shekarunta 10. Mu a jihar Ohayo muke zaune, kuma tun tana 'yar shekara 5 nake kai ta wannan wasa na alkafura da lanƙwasa jiki. Iyaye mata 'yan uwana da ke nan Amurka sun sha kira na a waya kan wannan tambayar, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani.

Da farko ki san tsarin, don kada a yi miki bayani a gurguje ki amsa da "to" alhali ba ki gane ba. Hukumar USA Gymnastics ta raba gasar 'yan mata zuwa mataki 10. Daga na 1 zuwa na 5, kowace yarinya abu iri ɗaya take yi, da kiɗa iri ɗaya, har ɗaga hannu an tsara mata. Daga na 6 zuwa na 10 kuwa, koci ce ke tsara wa kowace yarinya nata jerin, ta zaɓi kiɗanta, muddin ta cika sharuɗɗan matakin. Wasa huɗu ake yi: tsallen tebur, sanduna biyu masu tsayi daban, katakon nan mai faɗin santimita 10 kacal, sai wasan dandamali. Kowanne maki 10 ne, jimla 40. Faɗuwa ɗaya tana cin rabin maki. Don a bar mataki na 4 ana buƙatar jimlar 34, don a bar na 5 kuma 32, kuma da wannan 32 ɗin an yarda yarinya ta tsallake na 6 ta faɗa na 7 kai tsaye. Hukumar kan sabunta dokokinta, don haka ki ce koci ta nuna miki na shekarar da kuke ciki.

To, wannan makin shi ne abin da ya fi ruɗar iyaye, ni ma ya taɓa ruɗa ta. Maki 32 izinin fita ne kawai daga matakin da aka gama. Bai ce komai ba game da matakin da za a shiga. Yarinya tana iya samun 36 a mataki na 5 ba tare da ta taɓa yin manyan abubuwan da na 7 ke nema ba, domin ba a tambaye ta su ba.

Na yi wannan kuskuren tun a baya, a wani gidan horo da muka bari. 'Yata ta gama mataki na 4 da maki mai kyau, ƙawarta ta kusa za ta hau na 5, sai na matsa a tafi da ita. Ina ta faɗa wa kaina cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alkafurar baya marar hannu, wadda na 5 ke nema a dandamali, tana yin ta ne kawai idan koci na tsaye a gefenta. Ana saura mako uku gasar farko ta faɗo a kan wuyanta. Allah Ya kiyaye ba ta ji ciwo ba, amma daga ranar duk abin da ya shafi juyawa baya ya gagare ta, har alkafurar baya da hannu wadda ta yi shekara biyu tana yi. Za ta tsaya, ta lanƙwasa gwiwa, ta kasa tashi, hawaye na zuba. Wata huɗu muka yi a haka, kuma dole ta sake shekara a na 5. Wanda bai gani ba zai ce taurin kai ne. Ba shi ba ne. Ko Simone Biles, shahararriyar 'yar jimnastik ta Amurka, a gasar Olimfik ta Tokiyo a 2021, sai da ta janye daga wasanni da dama saboda jikinta ya daina gaya mata inda take a cikin iska. Idan hakan zai samu wadda ta fi kowa, ina ga 'yar shekara 8 da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta?

Tun daga nan na sauya tambayar da nake yi. Ba na cewa "ta iya?" domin kusan kullum amsar "eh, ta taɓa yi" ce. Abin da nake tambayar koci shi ne: idan ta yi sau 10, sau nawa take samu? Da hannunki a bayanta ko ita kaɗai? A ramin soso take sauka ko a kan katifar gasa? Kuma shi kaɗai take yi da sabon ƙarfi, ko a cikin cikakken jeri, bayan numfashinta ya fara sama-sama? Waɗannan huɗun sun sha bamban ƙwarai. Ni ma'aunina shi ne 8 cikin 10, ba taimako, a kan katifar gasa, kafin ƙarshen Agusta. A wajenmu kakar gasa kan fara wajen Disamba, kuma watannin da ke tsakani na gyaran ƙafa da hannu ne da haɗa jeri, ba na koyon sabon abu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ki duba wasan da ta fi rauni a kai, kada ki duba wanda take haskawa. Ga yawancin yara sanduna ne. A mataki na 4, tashin nan da ake kira kif, inda yarinya ke lilo ta ɗago kanta bisa sanda da miƙaƙƙen hannu, shi ne ke tsare yara da yawa shekara guda cur. A na 7 kuma ana so ta cilla jikinta sama har kusan tsayuwar hannu a kan sanda, ta kuma yi zagaye biyu ba tare da cikinta ya taɓa sandar ba. Yawancin gidajen horo suna son ganin jayant, wato babban zagayen da ake yi da jiki a miƙe ɗoɗar. A katako ana son ta haɗa juyi biyu a jere, da wani da za ta tashi sama a cikinsa, a dandamali kuma alkafurar baya da jiki a miƙe. 'Yata tana da na dandamali tun kafin a tambaya. Jayant ɗinta kuwa sai a sandar ɗauri, inda ake ɗaure hannu da madauri. Duk wanda ya kalle ta a dandamali zai ce na 7 ne wurinta, amma sanduna sun ce a'a, kuma maganar sanduna na bi.

Mataki na 6 a yadda yake yanzu an ƙirƙiro shi ne a 2013, daidai don irin wannan yarinyar: wadda ta gaji da jerin dole amma manyan abubuwan ba su nuna ba tukuna. Akwai iyayen da ke kallonsa kamar aji ne na waɗanda suka kasa. Ni ban yarda ba. Abin da nake so ki tabbatar kawai shi ne, a cikin shekarar za a ci gaba da koya mata abubuwan na 7 a kowane mako. Ki tambaya kai tsaye: minti nawa ake ware wa sabon koyo a lokacin kakar gasa? Idan amsar ita ce sai bazara, to shekarar za ta tafi a tara lambobi kawai, kuma badi ku dawo inda kuke.

Akwai abin da koci ba za ta auna miki ba, sai ke. Kowane mataki yana zuwa da ƙarin awanni. A gidan horonmu na 5 awa 12 ne a mako, na 7 kuma 16 zuwa 18, har da Asabar. Asabar ɗin nan kuwa ita ce ranar Islamiyya. Ni da maigida mun zauna da takarda da biro muka jera komai: aikin makaranta, karatun Alƙur'ani, barci, man mota, kuɗin wata, kuɗin shiga kowace gasa wanda kan kai mu kusan dala 100, rigar gasa, otal idan an fita jiha, da haƙƙin ƙannenta biyu waɗanda su ma ke son uwarsu da yamma. Azumi ma ya shigo lissafi, domin a 2024 da 2025 Ramadan ya faɗo a watan Maris, ana cikin kakar gasa, ita kuma ta kai shekarun da take son ta riƙa ɗaukar wasu kwanaki. Batun sutura kuma na ɗaga shi da wuri, ban jira ta balaga ba. 'Yan wasan Jamus sun sa riga mai rufe ƙafa har idon sawu a Tokiyo, na nuna wa koci hoton, muka daidaita.

Jikinta ma ki saurare shi. Tsakanin shekara 9 zuwa 13 yara kan yi tsawo farat ɗaya, kuma a lokacin ne ciwon wuyan hannu, diddige, ƙasan gwiwa da ƙugu ke yawa, saboda bakin ƙasusuwan da ke girma bai gama ƙwari ba. Yarinyar da ta ƙara tsawo sosai cikin 'yan watanni sai ta sake koyon lokacin juyinta, kamar an ba ta sabon jiki. Ciwon da ya wuce mako biyu, musamman na baya idan ta lanƙwasa, na likita ne, ba na man zafi ba. Shekarar da ake fama da irin wannan ba shekarar tsallake mataki ba ce.

Idan lissafin gida bai ɗauka ba, akwai tsarin Xcel a ƙarƙashin hukumar guda, mai matakan tagulla, azurfa, zinariya zuwa sama. Awanni kaɗan ne, kuɗi da sauƙi, kuma yarinya na yin nata jerin tun daga farko. Sai dai ki sani, jami'o'in da ke ba da gurbin karatu kyauta saboda jimnastik daga mataki na 10 da 'yan ajin ƙwararru suke ɗiban kusan dukkan 'yan wasansu. Idan can ake hange, a tsaya a tsarin mataki 10 ɗin nan.

Daga ƙarshe sai ita mai abin. Kada ki tambaye ta a gaban koci ko ƙawaye, domin za ta faɗi abin da take ganin ana so ne. Ni a mota na tambaye ta, muna dawowa da daddare, ba na kallon fuskarta. Ban ce "wanne kike so?" ba. Na ce, "Wane abu ne idan aka kira shi gabanki ke faɗuwa?" Ta yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ta ce, "Umma, jayant. Idan na kai sama ban san inda hannuna yake ba." Ban taɓa jin wannan daga bakin koci ba, domin ita ma ba ta sani ba.

Washegari na kira koci na ce mataki na 6, da sharaɗin jayant sau biyu a mako har ƙarshen kaka. Ƙawayenta biyu suka hau na 7, ta yi kuka kwana biyu, na zauna da ita ban ce mata ba komai ba, don komai ne a wurinta. A watan Fabrairu ta yi jayant na farko a sandar gasa ba madauri, koci na tsaye nesa da ita, ni kuma ina bayan gilashi da ƙaramin ƙanenta a cinya.