Kurakuran da Sabbin Malamai ke Yi Wajen Koyar da Must da Should a Sansanin Ɗalibai

Duk hutun da muka fita da ɗalibai zaman sansani a bayan garin Daura, sai an haɗa ni da sabon malami ko ɗan bautar ƙasa, kuma sai na ga kuskuren bara ya dawo da sabuwar riga. Dabarar kanta ba ta da laifi: a ba yara kwali da alƙalami su rubuta dokokin tsaftar sansani da Turanci, ta haka su koyi kalmomin nan tara da ake kira modal verbs, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Ai sau da yawa da su ake rubuta doka. Wajen aiwatarwa ne ake kwafsawa.

Bari in fara da wanda ya ci mini kuɗi. Malami zai tsaya gaban yara ya ce must na nufin "dole", have to ma "dole", ya wuce abinsa. Matsalar tana wajen korewa. Bahaushe in ya kore dole, cewa yake "ba dole ba ne", ma'ana in ka so ka yi, in ka so ka bari. Wannan shi ne don't have to ko needn't. Shi kuwa must not hani ne tsantsa: kada, kul, ahir ɗinka. Yaron da ba a warware masa wannan ba zai riƙa musanya su har ranar jarrabawar WAEC.

Ni da bakina, farkon fara aikina, na gaya wa yara cewa must da have to Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Rukuni guda suka rubuta a kwali: You don't have to light fire near the tents. Na wuce ta gabansa, na gyaɗa kai, har da cewa aiki ya yi kyau. Lokacin hunturu ne, ciyawa ta bushe ƙarau. Bayan sallar isha'i wani ɗan SS2 ya hura wuta bayan tantinsu zai dafa shayi. Iska ta kaɗo. Kafin a kawo bokitin ruwa na biyu, tamfol ɗin da muka ɗauko haya wurin masu rumfunan biki ya tafi, da tabarmi biyu da jakar wani yaro. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ƙone. Na cafko yaron ina huci, na nuna masa kwalin da tocila. Ya karanta a nitse, ya ce, "Malam, ai cewa aka yi ba dole ba ne. Ni kuma na ga dama." Duk sansanin shi kaɗai ya fahimci jimlar daidai. Albashina na watan nan a wurin mai tamfol ya kwana, kuma har yau in na cika baki a gida sai uwargida ta tambaye ni labarin shayi.

Tun daga nan ba na barin yaro ya taɓa kwali sai ya faɗi dokarsa da Hausa. Da'ira uku nake zanawa a ƙasa da kara: ta "kada", ta "ya kamata", ta "ganin dama". Ya faɗi dokar, ya shiga da'irar da ta dace ya tsaya, sannan ya juya ta Turanci. Akwai abokan aikin da ke ganin shigar da Hausa darasin Turanci koma-baya ne. Su ba su taɓa biyan tamfol ba.

Na biyu yana ba ni haushi fiye da na farko, don shi lalaci ne zalla. Sabon malami ya shiga intanet ya kwaso dokokin sansanonin Amurka da Kanada, ya zo yana sa yaran Daura su haddace yadda ake ɓoye abinci kada dabbar da suke kira bear ta zo. Haba ƙanena! Ka dubi ƙarƙashin ƙafarka mana. Ledar fiya wata ce a warwatse, wadda akuyar mutanen ƙauyen za ta haɗiye ta toshe mata ciki. Ga masu lallaɓawa bayan geza su yi ba-haya alhali an haƙa rami. Ga masu karya reshen bedi don itacen girki, a jihar Katsina da ke cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin nan na dasa katangar bishiyoyi don tare hamada ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Yaron da ya ga rairayi na cin gonar mahaifinsa ta wajen Kwangwalam, in ya rubuta We must not cut down trees, ya san abin da yake faɗa, kuma jimlar za ta zauna masa.

Sai masu mayar da kowace doka must. In share gaban tanti must ne, kashe wuta ma must ne, yaro ba zai gane wacce ta fi nauyi ba. Ni ƙa'idata: abin da zai jawo hukunci ko asibiti shi ke samun must, saura should, wato "ya kamata".

Ƙananan kurakurai kuwa gyaransu a take nake yi. Ba a cewa must to sweep, to ɗin na ought ne da have. Ba he cans, ba she musts. Can be able maimaici ne, a zaɓi ɗaya. Must na wajibci ba shi da jiya, had to ake cewa. Rigimar can da may wajen neman izinin zuwa rijiya ba na ɓata yawuna a kanta, duk wanda yaro ya faɗa ina karɓa.

Kwalin nan yana nan a jakata, gefensa ɗaya a babbake. Shi nake fara miƙa wa duk sabon malamin da aka haɗa ni da shi, in ce ya gyara mini. Na bana ya daɗe yana juya shi, sannan ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ga kuskure ba."