Filtar Baƙin Mai: Inda Ake Kuskure Wajen Gane Mai Kyau da Marar Kyau

Idan aka zo juye, hankalin mai mota yakan tafi kan baƙin mai ne: na wane kamfani, wane kauri, lita nawa. Filta kuwa, duk wadda ta shiga an gama. Alhali man da famfo ya turo sai ya ratsa ta cikinta kafin ya kai ga karanshaf, wato babban sandan da ke juyawa a cikin inji, da metal, shimfiɗar ƙarfen da yake juyawa a kanta, kuma ratar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Masu ɗan kulawar ma, da ido da tafin hannu suke kwatanta filta biyu, su jinjina wannan, su ƙwanƙwasa waccan, su zaɓi wadda ta fi nauyi. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau yana can ciki, inda ido ba ya kai wa.

Kafin a zo maganar inganci, akwai kuskuren da ke kashe inji nan take: ɗaukar cewa filtar da ta ɗauru ita ce ta motar. Zaren ɗauri iri biyu ne suka fi yawa a ƙananan motoci, 3/4-16 na ma'aunin inci da M20x1.5 na ma'aunin milimita. Na farkon faɗinsa milimita 19.05, na biyun 20, kuma tazarar zarensu ta kusa zama ɗaya. Saboda haka filta mai zaren M20 takan hau kan bututun 3/4 ta murɗu kamar ba komai, amma bakin zaren kaɗai ta kama. Ranar da matsin mai ya yi sama, musamman da sanyin safiya, tana iya subucewa, man ya tsiyaye a ƙasa cikin daƙiƙu. Haka faɗin robar bakinta: in ya saɓa da mazauninta a jikin inji, yoyo ne. Gyaran nan ba shi da wahala. A nemi lambar filta daga littafin motar ko daga jadawalin kamfanin filtar, a bi samfurin injin da shekarar motar. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin mota ɗaya kan fito da inji iri biyu ko uku.

Ko da zare da roba sun dace, akwai bawul guda da ba a ganinsa sai an leƙa. Aikinsa shi ne idan takardar filta ta toshe, ko man ya yi kauri saboda sanyi har ya kasa ratsawa da sauri, sai ya buɗe ya bar mai ya kewaye takardar ya wuce kai tsaye. Hikimar ita ce gara mai datti da babu mai. To amma kowane inji da matsin da aka tsara bawul ɗin ya buɗe a kansa: wasu ƙasa da bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), wasu sai bambancin matsin ya haura bar 2. Wasu injinan ma a jikinsu bawul ɗin yake, filtarsu ba ta zuwa da shi. In aka sa bawul mai saurin buɗewa a injin da ke son bawul mai tauri, man zai riƙa wucewa ba tacewa alhali takardar tana nan fes. In aka sa marar bawul a injin da ya dogara da na cikin filta, ranar da ta toshe inji ya shiga ƙishi. Filta mai tsada da aka yi wa wani inji ba ta kai mai matsakaicin kuɗi da aka yi wa naka ba.

Inda na fi ganin an yaudari mutane shi ne rubutun jikin kwali. Za ka ga an buga "kashi 99" da manyan baƙaƙe, shi ke nan. Kashi 99 na me? Ƙwayar datti da maikiron ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kusan maikiron 70. Kowace filta, har mafi lalacewa, za ta kama kashi 99 na tsakuwa. Tambayar ita ce nawa take kamawa a maikiron 20, domin ƙananan ƙwayoyin da ke ƙasa da wannan girman su ne ke kutsawa tsakanin metal da karanshaf, da tsakanin ringi da bangon silinda, suna cin ƙarfe a hankali. Saboda haka adadi ɗaya ba magana ba ce, sai sun zo biyu: kashi kaza a maikiron kaza. Mai cewa kashi 99 a maikiron 40 tana iya zama ƙasa da mai cewa kashi 95 a maikiron 20, duk da lambarta ta fi cika ido.

Haka in an rubuta "maikiron 10" kurum ba tare da kashi ba. Sau da yawa ma'anarsa tana kama kamar rabin ƙwayoyin wannan girman ne, rabi ya wuce. Kamfanonin da ke da abin nunawa sukan ambaci gwajin da aka bi, kuma wanda aka fi sani shi ne ISO 4548-12, inda ake zagaya mai da ƙurar gwaji ta cikin filta ana ƙirga ƙwayoyin da suka shiga da waɗanda suka fita. Sakamakon kan zo da sunan beta: beta 2 na nufin kashi 50, beta 20 kashi 95, beta 75 kashi 98.7, beta 100 kashi 99. A lura da wani abu a nan. Tsakanin 95 da 99 kamar ba nisa, amma ta farkon tana sakin ƙwaya 5 cikin 100, ta biyun ƙwaya 1. Ninki biyar ke nan na dattin da ke komawa inji. Kada a kwatanta lambobin filta biyu sai girman maikiron ɗaya ne kuma gwajin ɗaya ne.

Wasu kuma sun ji wannan sai su zarce, su ce wadda ta fi matse ido ita ce sarauniya. Ba haka ba ne. Takarda mai ƙananan ƙofofi in ba ta da faɗi da wurin ajiye datti, nan da nan take cika, bawul ya buɗe, tacewar ta zama labari. Abu uku ake haɗawa: kamun datti, yawan giram ɗin dattin da za ta riƙe kafin ta toshe, da sauƙin wucewar mai. A nan ne irin takardar ke da tasiri. Ta gargajiya daga zaren itace ake yin ta, zarenta kauri ne kuma ƙofofinta ba su daidaita ba. Ta zaren gilashi ko na roba zarenta siriri ne, tana kama ƙananan ƙwayoyi ba tare da ta shaƙe mai ba, kuma tana jure zafi da daɗewa. Akwai kuma gaurayen biyun. Wanda ke juye da wuri, ta itace mai kyau ta ishe shi. Wanda ya sayi man da ake barin sa kilomita 15,000 ya haɗa shi da filtar da aka yi don kilomita 5,000, ya ɓata kuɗin man.

Masu yanka sabuwar filta su ƙirga ninkin takarda sun fi masu jinjinawa, amma su ma suna zamewa. Yawan ninki ba shi ne faɗin takarda ba. Sai an haɗa da zurfin ninkin da tsayinsa, kuma ninkin da aka cusa har suka manne da juna ba sa tace komai a tsakaninsu. Murfin takardar ma, na ƙarfe ne ko na kwali, ana yawan kafa hujja da shi, alhali abin dubawa shi ne ko gam ya kama ko'ina ba kafa. Kaurin gwangwani yana da amfani wajen jure matsi, iyakarsa ke nan.

Abin da ya cancanci a leƙa tun kafin a saya shi ne robar da ke bayan ƙananan ramukan bakin filta. Ita ke hana mai zurarewa ya koma ƙasa idan an kashe inji. In ta yi tauri ta daina rufewa, kowace safiya inji zai yi 'yan daƙiƙu yana ƙara kafin mai ya hau, kuma fitilar mai ta ɗan jima ba ta mutu ba. Baƙar roba ta naitiril ita aka saba sawa, zafi kan sandarar da ita in ta daɗe. Ta silikon, wadda galibi ja ce ko ruwan lemo, ta fi jure zafi da sanyi. Launin alama ce kawai, ba shaida ba, tunda mai jabu ma ya iya rini. In ƙarar safiya ta fara ne daga ranar da aka canza filta, ita za a fara tuhuma.

Jabu kuwa kyan ɗan maciji gare ta: fenti da tambari da kwali duk sun yi, cikin ne babu. Ana iya samun takarda 'yar kaɗan, ko bawul da ba ya motsi, ko ɓarɓashin ƙarfe a cikin zare. Sunan kamfanin mota a jiki bai isa shaida ba, haka rashin sunan ba aibi ba ne, domin yawancin masu ƙera mota ba su suke yin filtarsu ba. Kamfanoni irin su Denso da Mahle da Mann+Hummel ke yi musu, kuma suna sayarwa da sunan kansu. Inda aka sayo ta ya fi rubutun jikinta muhimmanci.

Sai masu hukunci da launin mai, wai mai ya yi baƙi da wuri, filta ba ta aiki. Baƙin nan kunkunniyar ƙonewa ce, ƙwayoyinta ba su kai maikiron 1 ba, kuma an zuba wa mai sinadaran da ke riƙe ta don kada ta daskare a jikin inji. Filtar mota ta yau da kullum ba ta cire ta, balle a injin dizal da ke baƙanta sabon mai tun a ranar juye.

Da yawan filtar da aka zaga ma ɗaurin ne ya ɓaci. Tsohuwar roba takan maƙale a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta, biyun su fashe a hanya. A duba mazaunin a goge shi, a shafa mai a sabuwar robar, a murɗa da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikinta. Sifana ta kwancewa ce. Ga motocin da takardar kaɗai ake canzawa a cikin murfi, a sa sabon zoben robar da ya zo a kwalin a daidai gurbinsa, a ɗaure da ƙarfin da aka buga a kan murfin, wanda a da yawansu Nm 25 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne).

In ana son kwatanci na gaskiya, filtar da ta gama aiki ake yankawa, ba sabuwa ba. A yi da abin yanka gwangwani, kada a sa zarto, don ɓarɓashinsa zai gauraye da abin da ake nema. A duba ko ninkin ya karkace ko ya yage, ko gam ya saki, ko robar hana zurarewa tana da sauran laushi. A miƙe takardar a haske: in aka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe mai ruwan jan ƙarfe ko azurfa a cikin ninkin, metal ne ya fara ci, kuma wannan aikin makanike ne tun kafin a sake tayar da motar zuwa doguwar tafiya.