Yadda za ka liƙe tankin mai idan ya fara ɗiga

Tankin babur ɗina na ƙarfe ne, ruwan da ke kwanciya a ƙasan fetur ya sa tsatsa ta huda gindinsa, kullum da safe sai na tarar da ƙasa ta jiƙe. Ga yadda na yi.

Da farko ka juye man duka a jarka, ka kwance tankin ka wanke cikinsa da ruwa da omo, ka bar shi a buɗe a rana har warin ya fita. Don Allah kar ka kai shi wajen mai walda yana warin fetur, tururin nan ne ke fashewa kuma mutane sun ƙone a haka.

Sai ka goge wajen hujin da samfefa har ƙarfen ya yi fari tas, ka kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu ka shafa ya zarce bakin hujin, ka bar shi ya kwana kafin ka zuba mai.

In tankinka na roba ne to shi baya tsatsa amma gam baya kama shi sosai, sai dai a narka roba irin tasa a cike wajen.