Yadda ake kare tsofaffi da masu kula da su daga cututtuka masu yaɗuwa

Murar da matashi zai yi kwana uku ya warke tana iya zama ajalin mai shekara 80. A gidan kula da tsofaffi kuwa, inda ake cin abinci tare, ma'aikaci ɗaya kuma yana hidimar mutane da yawa, cuta ba ta wahalar samun hanya.

A fara da bakin ƙofa, domin yawanci ta nan take shigowa. Baƙon da ke tari ko zazzaɓi a ba shi haƙuri ya dawo in ya warke. Ma'aikacin da ya yi amai ko gudawa ya zauna a gida har sai ya cika awa 48 da tsayawarsu. A nan hukumar gida take da babban nauyi: muddin za a yanke wa mutum albashi don ya kwanta, to zai ɓoye ciwonsa ya zo aiki.

Sai hannu. A wanke da ruwa da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin a taɓa tsoho da bayan an taɓa shi. Man goge hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 yana da amfani, amma ba ya cin ƙwayar norobairos mai kawo amai da gudawa sosai. Wannan sai sabulu. Safar hannu kuma ta mutum ɗaya ce. Wadda aka gyara wa wani shimfiɗa da ita, a cire ta a jefar kafin a miƙa wa na kusa da shi kofin ruwa.

Na uku shi ne sa ido, kuma shi ya fi wuya. Jikin tsoho ba lallai ya yi zafi ba ko da cuta ta kama shi. Dattijuwar da kullum take cinye abincinta tana jan hira, yau ta ture kwano, tana gyangyaɗi, ta kasa gane mai yi mata wanka, kada a ce tsufa ne. A kira ma'aikacin lafiya a ranar.

Idan aka ga alama, a ware mara lafiya a ɗakinsa, mai kula da shi ya sa takunkumi. A goge mariƙin ƙofa, sandar dogarawa da keken guragu da ruwan bilic, a buɗe tagogi iska ta ratsa. Mutum biyu suka kamu da ciwo iri ɗaya a kusan lokaci guda, a sanar da hukumar lafiya nan take. Amma keɓewa ba wulakanci ba ce. A riƙa leƙa shi, a haɗa shi da 'ya'ya da jikoki ta waya, don kaɗaici ma yana karya tsoho.

Allurar riga-kafin mura mai tsanani ana sabunta ta duk shekara. A tuntuɓi likita kan ta korona da ta ciwon huhu, a kuma rubuta ranar da aka yi wa kowa, har da mai girki da mai shara.