Yadda Ake Neman Takardar Jami'a Kan Kare Yara Da Rikicin Cikin Gida, Da Amfanin Da Ke Cikinta

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar firamare a Maraɗi, ko yana aikin jinya a wajen Madarunfa ko Gidan Runji, ya taɓa ganin yaro da tabon da bai yi kama da na faɗuwa ba, ko matar da ta zo awon ciki da kumburarriyar fuska tana cewa ƙofa ce ta buge ta. A shekarata ta uku da fara koyarwa, wata yarinya ta tsaya bayan an tashi ta faɗa mini abin da ake yi mata a gida, ni kuwa cikin zafin rai na aika aka kira mahaifinta a ranar. Ba ta sake dawowa aji ba. Niyyata mai kyau ce, sai dai ban san hanyar da ake bi ba, kuma wannan hanya ita ce ake koyarwa a gajeren karatun jami'a kan cin zarafin yara da tashin hankali a cikin iyali, wanda galibi ba ya wuce wasu watanni zuwa shekara guda.

Amfanin farko shi ne sanin abin yi a sa'ar da yaro ya buɗe baki. Ana koya maka ka saurare shi a keɓe, ka rubuta kalmominsa kamar yadda ya faɗe su ba tare da ka sa masa magana a baki ba, kada ka yi masa alkawarin rufe sirrin da dole ne ka kai gaba, kuma kada ka tunkari wanda ake zargi kafin ka tabbatar yaron yana da wurin kwana mai aminci. Idan fyaɗe ne, lokaci yana da nauyi ƙwarai, domin maganin kariya daga cutar sida sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa cikin kwana 5. Iyalai da yawa suna ɓata waɗannan kwanaki wajen zaman sulhu da jin kunyar maƙwabta, kuma mai ilimin abin ne kaɗai zai iya gaya wa uwa cikin ladabi cewa a fara zuwa likita, maganar dangi ta biyo baya.

Amfani na biyu shi ne a saurare ka. Mai unguwa, liman, jandarma da alƙalin yara duk sun fi karɓar maganar wanda ya san doka kuma ya iya rubuta rahoto mai tsari. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, an kafa kotunan yara a 1999, sannan a watan Disamba na 2017 aka fitar da dokar da ke kare yarinya mai karatu. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan ƙasar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin wuraren da abin ya fi yawa. Wanda zai shiga irin wannan magana a zauren dattijo yana bukatar hujja a hannu da taushin harshe, in ba haka ba a ce masa ɗan boko ya zo raba aure. Ta fuskar neman abinci ma, ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019 suna ɗaukar ma'aikatan kare yara, kuma takarda tana sa a duba sunanka.

To, ta yaya ake zaɓar karatun? Ka fara da tambayar matsayin takardar kanta. A tsarin jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci, takardar da jami'a ke bayarwa da sunanta kaɗai dabam take da lisans ko mastar da ƙasa ta amince da su, saboda haka tana ƙara maka gwaninta amma ba lallai ta ɗaga maka matsayi a aikin gwamnati ba. Idan ƙarin matsayi kake nema, ka tambayi shugabannin ma'aikatarka tun kafin ka biya ko dala ɗaya. Ka je ofishin rajista na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi, ka kuma tuntuɓi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da makarantun horon ma'aikatan lafiya da walwalar jama'a, ka ji abin da suke buɗewa a wannan shekarar da sharuɗɗan shiga.

Da yawa daga irin waɗannan darussa ta intanet ake yin su daga Faransa, Kanada ko Amurka. Suna da amfani wajen sanin yadda azaba ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro da lafiyarsa har girma, abin da wani babban bincike na 1998 a Amurka ya nuna a kan dubban mutane. Sai dai dokokin da za su koya maka na ƙasarsu ne, kuma ba za ka ji komai ba game da almajiri, 'yar talla, 'yar riƙo ko zaman kishiyoyi. A ganina, karatun da ba shi da aikin gwaji a wurin da ake karɓar yara na gaske, ƙarƙashin idon wanda ya daɗe a aikin, bai kai kuɗinsa ba. Idan ta intanet ɗin ce kaɗai ta samu, ka nemi izinin yin wasu makonni a ofishin jiha mai kula da kare yara ko a cibiyar lafiyar uwa da yaro, ka cike giɓin da kanka. Ka kuma lissafa kuɗin data da matsalar wuta, ka zaɓi darasin da ake iya saukewa a waya a karanta da dare.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa masu shiga ba, shi ne nauyin abin a zuciya. Wasu darussan za su tuna maka da abin da ka gani a gidanku ko a gidan maƙwabci, don haka yana da kyau ka sami abokin karatu da za ku riƙa zantawa, ba tare da ambaton sunan kowane yaro ba.

Idan takardar ta zo hannu, ka ɗauki mako guda ka zaga da ƙafarka, ka gaisa da sashen 'yan sanda mai kula da yara, da magatakardar alƙalin yara, da ungozomar da ke kwana a likitar unguwarku, da mai unguwa, ka rubuta lambobinsu a takarda ɗaya. Ka ba shugaban makarantarku ko na likitarku kwafi, ku kuma amince tun yanzu a kan ɗakin da za a zauna da yaro idan ya zo da magana, da wanda zai raka shi.